Balbelar San Benigno da Hannunta na Hagu

A garin San Benigno, can cikin duwatsun yammacin Puerto Rico, in ka tambayi gidan su Nilsa Quiñones sai mutum ya tsaya yana sosa ƙeya. Amma ka ce Balbela, ko tsohuwar da ba ta taɓa leƙa filin wasa ba sai ta nuna maka hanya. Tun tana firamare sunan ya kama ta, lokacin da ƙafafunta suka riga sauran jikinta girma. Doguwa ce siririya, ga dogon wuya, in ta tsaya a layin makaranta sai ka ce balbela a tsakiyar 'yan maruƙa. Ta yi kuka a kan sunan, ta yi dambe a kansa, da ta ga ba inda za shi sai ta rungumi abinta.

Mahaifinta, Don Efraín, shi ke da gidan burodin da ke bakin dandali, daura da coci. Gajere ne mai tumbi, matarsa Doña Carmín ma da kaɗan ta fi teburin kwaɓa fulawa tsawo. Saboda haka masu zuwa shan gahawa da safe ba sa barinsa ya huta.

"Don Efraín, faɗi gaskiya, yis kake zuba wa yarinyar nan a abinci?"

"Da yana aiki a jikin mutum ai da ni na fara sha," in ji shi, yana miƙa burodi.

Bayan shagon akwai wani filin ƙwallon kwando na siminti, kwandonsa a karkace, ragar ta daɗe da tsinkewa. Samari ke wasa a nan kowace yamma. Wata rana mutum ɗaya bai zo ba, suka hango Nilsa zaune a kan buhun fulawa tana kallo, suka ce ta shigo ta cika musu lissafi, ta tsaya kawai kada ta taɓa komai. Ƙwallo ta faɗo hannunta bisa kuskure, ta jefa, ta shiga. Aka yi dariya aka ce sa'a ce. Ta sake samu, ta sake jefawa, ta sake shiga. Kafin rana ta faɗi samarin sun fara rigima a kan wane ɓangare za ta tsaya. Ba wanda ya koya mata. Hannunta na dama ya san hanyar kwando kamar yadda ya san hanyar bakinta.

Doña Carmín ba haka ta so ba. Ita burinta ta ga 'yarta cikin mawaƙan coci da farar riga. Da kanta ta kai ta, amma ba a daɗe ba mai koyar da waƙar ya zo har shago, ya cire hularsa, ya roƙi arziki a bar yarinyar nan ta koma ƙwallonta, don muryarta ɓatar da sauran take yi. Daga nan maganar ta mutu.

Da ta gama sakandare manyan makarantun San Juan da Ponce suka yi ta aike, kowa na so ta zo ta yi musu wasa su ɗauke mata nauyin karatu. Ta ƙi. Ta zaɓi 'yar kwalejin horar da malamai da ke kan tudun garinsu, wadda ƙungiyar matanta ban da shan kashi ba ta san komai ba. Mutane suka ce kishin gari ne. Amma ƙawarta Maritza Vélez, wadda suka taso tare suka kuma shiga ƙungiyar tare, ta san gaskiyar zance: Nilsa na son a yi mata ihun yabo, kuma ta san ba inda za a yi mata shi kamar gida.

Aka kuwa yi mata. Ranar da kwalejin ke da wasa, tun rana na sama ake rufe shaguna. Mai aski ya bar kai rabi, direbobin haya su ajiye motoci, limamin coci ya gajarta addu'ar yamma. Ɗakin wasan ya cika maƙil, ana dukan tukwane da murafe, ana "Bal-be-la! Bal-be-la!" Washegari duk wanda ya zo shagon Don Efraín da murya a dishe, burodinsa kyauta ne.

Aibinta ɗaya: in ƙwallo ta shiga hannunta, to, sai dai a tsinto ta a ƙarƙashin kwando. Ba ta ba kowa. Mutum uku su tare ta, abokiyar wasanta na can ita kaɗai tana ɗaga hannu tana kira, Nilsa sai ta daka tsalle ta jefa ta saman kawunansu. Abin haushin, shiga take yi, shi ya sa tsohon kocinsu yakan buɗe baki zai yi faɗa sai ya ƙare da tafi.

"Shekara huɗu muna fili ɗaya," in ji Maritza, "sau nawa kika ba ni ƙwallo?"

"Haba, Maritza, ba na ba ki ba ranar da muka je Ponce?"

"Suɓuce miki ta yi, maƙaryaciya!"

A shekararta ta ƙarshe suka ci kofin kwalejojin yankin. Aka ɗora ta a bayan motar ɗaukar ayaba aka zaga gari da ita, Don Efraín na gaba yana kuka yana share hawaye da ƙyallen aikinsa, fuska duk fulawa.

Bayan nan fa sai abubuwa suka yi sanyi. Ta yi 'yan shekaru tana wasa a manyan ƙungiyoyi, gwiwarta ta fara ciwo, aka yi mata aiki, aka sake yi, ta haƙura. Ta bi ƙanwar mahaifiyarta zuwa New Jersey, ta samu aiki a wani babban kanti. A can ba wanda ya san Balbela. Amfanin tsawonta ɗaya ne, a kira ta ta sauko da kaya daga kanta ta sama. A nan ta haɗu da Gilberto, shi ma ɗan Puerto Rico ne, mai gyaran firji, mutumin da zai wuni bai yi magana goma ba. Bai san komai a ƙwallon kwando ba. Ranar da ta ba shi labarin kofin da motar ayaba, cewa ya yi, "Madalla," ya tambaye ta ko tana son ƙarin shinkafa. Ta ce a ranta, wannan shi ne mijin.

Tana dab da shekara arba'in Don Efraín ya kira ta a waya.

"Nilsa, tsohon kocinku ya ajiye aiki. Shugaban kwaleji sai sintiri yake a shagona yana cinye mini burodi, wai in roƙe ki."

"Baba, ni fa ban taɓa koyar da kowa ba."

"Ke da kika fi kowa iyawa? Haɗa kayanki. Sanyin can ma ya ishe ki, ina ji a muryarki."

Gilberto ya ce firji dai ko'ina lalacewa yake yi. Suka dawo.

A wasan farko ɗakin ya cika, an fito da tsofaffin tukwane. Sai dai ihun duk na koci ne, 'yan wasan suka shigo kamar 'yan rakiya. Aka lallasa su. Aka sake lallasa su a wasa na gaba, da na gabansa.

Inda matsalar take, Nilsa ta kasa gane yadda mutum zai tsaya gaban kwando ya jefa ƙwallo ta ƙi shiga. Da gaske abin yake ɗaure mata kai. A wajen atisaye sai ta fizge ƙwallo daga hannun yarinya.

"Me ke da wuya a nan? Ki ɗauka, ki jefa, ta shiga." Ta jefa, ta shiga, ko bakin ƙarfen ba ta taɓa ba. "Kun gani?"

"Mun gani, Koci."

Sun kuwa gani. Kullum gani kawai suke yi. Wadda ta fi shan wahala ita ce Damaris Toro, wata 'yar shiru-shiru mai tabarau, ga ƙoƙari kamar me, amma da zarar Koci ta kafa mata ido sai ta kuskure. Wasu 'yan matan suka daina zuwa. Shekara ta zagayo ba abin da ya canja, tukwane suka koma kicin, masu shan gahawa suka fara sassauta murya in Don Efraín ya matso.

Maritza a lokacin ta buɗe shagon gyaran gashi. Wata Asabar Nilsa na zaune a kujerarta tana ƙorafin cewa yaran yanzu ba su da zuciya.

"In faɗa miki gaskiya, ƙawata?"

"Faɗi."

"Ke ba koyarwa kike yi ba, nuna musu kike kin fi su. To, sun yarda kin fi su. Sai kuma me?"

Nilsa ta miƙe da tawul a wuya, rabin kai a gyare rabi a hargitse, ta fice. Ta daɗe ba ta sake bi ta layin ba.

Mangwaro ne ya raba gardamar. Akwai bishiya a bayan gidansu, ta hango wani nunanne can ƙololuwa. Gilberto ya ce ta bari ya aro tsani a maƙwabta. Ta ce ita da wannan tsawon ba ta jiran tsani, ta ɗora kujera a kan tebur ta hau. Mangwaron dai ta tsinko shi, amma tare suka iso ƙasa, ita da shi da kujerar. Hannun dama ya karye. Likita ya ɗora, ya naɗe shi da farin simintin nan na asibiti tun daga yatsu har gwiwar hannu.

Ranar da ta koma atisaye, Damaris ta jefa ta kuskure kamar kullum. Nilsa ta manta halin da take ciki, ta fizge ƙwallon da hannun hagu ta cilla. Ƙwallon ko kusa da kwando ba ta je ba, ta wuce ta gefe ta daki ƙofar ɗakin ajiye tsintsiya, ta gangaro a hankali ta dawo gabanta.

Can sai aka ji wata 'yar murya, ta Damaris, wadda ita kanta ba ta san bakinta zai buɗe ba.

"Me ke da wuya a nan, Koci? Ki ɗauka, ki jefa, ta shiga."

Wata ta toshe baki da riga, wata ta durƙushe, sai dariya ta ɓarke. Nilsa ta ji ranta ya ɓaci har idonta na rufewa. Ta buɗe baki za ta kore su duka, sai ta ga fuskar Damaris, tabarau ya zamo kan hanci, ido ya raina fata, tana jiran hukunci. Ba ta san lokacin da ita ma ta fashe da dariya ba.

"To, ja'ira, miƙo ƙwallon."

Ta sake jefawa, ta kuskure. Ta sake, ta daki allon bayan kwando. Taurin kai bai bar ta ta haƙura ba, ta rantse sai hannun hagun nan ya koya. Kullum bayan atisaye sai ta tsaya tana jifa, 'yan matan kuma maimakon su tafi sai su baje a ƙasa suna kallo. Da farko don dariya suke zama, daga baya suka fara sa baki.

"Koci, gwiwar hannunki buɗewa take kamar kaza za ta tashi sama."

"Ƙafafunki a haɗe suke."

"Kwando za ki kalla, ba ƙwallo ba."

Tun da take ba ta taɓa zama ta yi tunanin ina ake ajiye ƙafa ba, ko daga ina ƙarfin jifa yake tasowa, ko wane yatsa ƙwallo ke bari a ƙarshe. Duk abin da hannun dama ya yi shekaru yana yi bai taɓa gaya mata ba, sai da na hagu ya bi yana tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma ɗanɗani abin da ba ta taɓa sani ba, irin kunyar da mutum ke ji in ya kuskure ana kallonsa, da yadda jifa na gaba ke ƙara nauyi a hannu. Ranar da ƙwallo ta fara shiga mata a jere, 'yan matan suka yi ta tsalle kamar sun ci kofi.

Kafin a cire simintin atisayen ya zama wani abu daban. Ta daina fizgar ƙwallo. Sai ta tsaya bayan yarinya, ta gyara mata kafaɗa, ta ce ba komai, sake. Ta koma shagon Maritza da ledar mangwaro, ta zauna a kujera. Maritza ta hau gyara, sai dai ta ja mata gashi da ƙarfin da ya wuce abin da aikin ke bukata.

Suka fara cin wasa jefi-jefi, daga baya akai-akai. Tun da ba su da wata gwana da za su jingina da ita, dole ta koya musu dogara da juna, har ƙungiyar San Benigno ta yi suna wajen saurin miƙa ƙwallo hannu zuwa hannu, abokan karawa su yi ta juyawa har jiri ya kwashe su. Maritza takan zauna bayan bencin koci, duk sanda Nilsa ta ƙwala "Ki ba ta ƙwallo!" sai ta dafe ƙirji ta ce, "Jama'a, ku zo ku ji wa ke magana!" Damaris kuwa ta gama karatu, ta zama malamar makaranta, tana zuwa da yamma tana taimaka wa Nilsa.

Sai ga Yaritza Montalvo. 'Yar masu tsinkar gahawa ce daga can saman duwatsu, ba ta kai Nilsa tsawo ba amma ta fi ta sauri, hannunta kuma bai san kuskure ba. Tukwane suka sake fitowa. Ita ma in ƙwallo ta shiga hannunta an gama. Nilsa ta yi lallashi, ta yi faɗa, yarinyar ta ce "To, Koci," ta shiga fili ta yi abin da ta ga dama.

A wasan kusa da na ƙarshe, a gida, ɗaki cike, Yaritza ta yi jifa ta kan mutum uku alhali abokiyarta na tsaye ita kaɗai a gindin kwando. Ta shiga. Ɗaki ya ɗauki ihu. Nilsa ta kira ta ta ja mata kunne. Ta sake yi, ta sake shiga. Nilsa ta ɗaga wa alƙalin wasa hannu, ta fitar da ita, ta nuna mata benci.

Ranar ce mutanen San Benigno suka fara yi wa Balbela ihun ba-ma-so. Wanda ya fi kowa ɗaga murya wani gajeren tsoho ne a layin gaba, yana kaɗa sandarsa.

"Nilsa! Mayar da yarinyar nan!"

"Baba, ka zauna!"

"Ni na haife ki!"

"Wannan a gida ne! Nan ni ce koci!"

Aka cinye su da ɗan kaɗan. Washegari ta shiga shago, kowa ya sunkuyar da kai kan gahawarsa. Don Efraín ya bincika ya zaɓo burodin da ya fi ƙonewa ya tura mata.

Da rana Yaritza ta same ta a ofis, jaka a kafaɗa, ta ce wata makaranta a Ponce na nemanta, tafiya za ta yi.

"Kowa ya gaya mini ke ma haka kika yi wasanki, Koci. An ce ma kin fi ni."

"Gaskiya suka faɗa miki."

"To don me ni za ki zaunar da ni?"

"Don ni ban samu wanda zai zaunar da ni ba. Kin ci abinci?"

Ba ta ci ba. Nilsa ta ja ta zuwa wurin Doña Carmín, tsohuwa ta cika mata faranti da shinkafa da wake da soyayyiyar ayaba, ta tsaya a kanta sai da ta cinye, ta ƙara mata. Ba a sake zancen Ponce ba, jakar kuma ta koma ɗakin kwanan ɗalibai.

Shekarar da ta biyo baya suka kai wasan ƙarshe. Ana dab da tashi suna baya da maki ɗaya, ƙwallo a hannun Yaritza, aka yi mata taron dangi, ta miƙa wa wadda ke tsaye ita kaɗai. Yarinyar ta jefa, ƙwallon ta zaga bakin ƙarfe ta faɗo waje. A mota kan hanyar dawowa Yaritza ta zo ta zauna kusa da Nilsa.

"Da ni na jefa da ta shiga."

"Wataƙila."

"Ba wani wataƙila, Koci."

"To, da ta shiga. Tashi ki je ki zauna kusa da ita, tun ɗazu kuka take yi."

Ta yi tsaki, amma ta tashi ta je.

Kofin sai daga baya ya zo, bayan Yaritza ta gama ta tafi wasa a manyan ƙungiyoyi, a shekarar da guguwa ta kwashe rufin ɗakin wasan suka koma atisaye a rana. Ko gwana ɗaya babu a ƙungiyar. Don Efraín bai gani ba, ya rasu 'yan watanni kafin nan. Nilsa ta ɗauki kofin ta kai wa mahaifiyarta, Doña Carmín ta jujjuya shi ta ce ya yi kyau, ta zuba ruwa ta sa furanni a ciki. Wata babbar jami'a a San Juan ta aiko tana neman Nilsa. Ta je ta duba, ta ga cunkoson motoci, kafin rana ta faɗi ta dawo gida.

Yadda ta bar aikin ma abin dariya ne. Ta haura sittin, kai ya yi furfura, ba a taɓa korarta daga fili ba. Wata yamma wani matashin alƙalin wasa ya busa usur inda take ganin bai kamata ba, ta tambaye shi ko a gida ya manto idanunsa. Ya gargaɗe ta. Ta ƙara da cewa ta san wani likitan ido a Mayagüez, za ta iya yi masa kwatance. Ya nuna mata ƙofa. Ta bar wa Damaris ragama ta fita, a lokacin kuwa an yi musu nisa sosai.

A waje ta sayi ƙanƙara mai zaƙi wurin wani mai tura kura, ta zauna a kan dakali tana sauraron hayaniyar da ke fitowa ta taga, tana ƙoƙarin gane wa ke ci. Ihu sai ƙaruwa yake yi. Da aka tashi 'yan matan suka fito da gudu suka baibaye ta. Sun farke, sun ci.

"Me kika gaya musu?" ta tambayi Damaris.

"Ba komai, Koci. Cewa na yi su kwantar da hankalinsu, tun da kin fita."

Nilsa ta ji haushi da daɗi a lokaci guda. A ƙarshen shekarar ta je wurin shugaban kwaleji ta ce ta gaji, kuma kada ya wahalar da kansa neman kowa, ga Damaris nan.

Yanzu in ana wasa cikin 'yan kallo take zama. Ta yi wa Damaris alkawari ba za ta sa baki ba. Gilberto yakan zo da ƙullin soyayyiyar gyaɗa, da ya ga ta fara miƙewa sai ya zuba mata a tafin hannu. Dabarar takan yi aiki har zuwa hutun rabin lokaci. Daga nan gyaɗar ta ƙare, shi kuma ya matsa gefe ya bar ta da alƙalin wasa.